Famfon da Kawu Ya Dasa a Jikin Mota

Tun ranar da na dawo ba wadda ta tsaya ta yi mini ban gajiya yadda ya kamata. Gaisuwa ɗaya, sai "To Ma'u, ya Amurka?" Na ba Hadiza labari a tsaye a bakin ƙofa, na ba Rabi ta waya har katina ya ƙare, jiya kuma wata da ban ma san sunanta ba ta tare ni a gidan suna, tana so ta ji ko gaskiya ne da sabulu suke wanke titi. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ta karanta a bar ni in huta. Sai dai ku rage buri. Mako uku na yi a ƙasar, abin da na fi sani a cikinta shi ne bututun ruwa.

Rakiya na yi, ba yawon buɗe ido ba. Kawu Sani ne ya nema wa kakata Dada biza ta wata uku, don shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da su ga juna. Da farko takardunsa ne ba su daidaita ba, da suka daidaita kuma aiki ya riƙe shi. Dada ba ta jin Turanci, ni kuma na gama jami'a ina zaman jiran bautar ƙasa, wato ni ce marar aikin yi a dangi. Akwai kuma wani dalilin. Kawu ɗan farinta ne, kun kuwa san tsofaffinmu: ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko kujera ɗaya suke zaune sai ta juyo gare ni ta ce, "Ki gaya wa mutumin nan." Tafinta biyu ke nan aka ɗauke ni, tsakaninta da Turawa, da tsakaninta da ɗan da ta haifa.

Ni dai da nawa shirin. Na ji an ce idan sanyi ya wuce, itatuwan bakin ruwa a Washington suna fitar da furanni har su rufe sararin sama, saboda haka na sayi sabon littafi mai shuɗin bango don in cika shi da waƙoƙi.

Daga Zariya muka kama hanyar Abuja da sassafe. Direban ya ji inda za mu, ya roƙi Dada ta nema masa aiki a can ko na gadi ne, ita kuma ta yi masa alkawari da zuciya ɗaya kamar ƙasar a hannunta take. A jirgi aka kawo abinci a ƙananan kwanuka masu murfin ƙyalli. Ta buɗe, ta duba, ta mayar da murfin a hankali, ta tambaye ni ko sun ɗauka jinya za mu. Dabinonta ta ci har muka sauka a Turai, dabinon ta ci har muka haye teku. Sau huɗu tana tambayata gabas. Da na ce ban sani ba, sai ta ce ashe shekara huɗun da na yi a jami'a ko gabas ba a koya mana ba.

A filin jirgin Washington ne muka gamu da ma'aikacin gwamnati na farko, kare. Ɗan ƙarami ne mai faɗin kunne, har da riga a jikinsa. Ya bi layi yana shinshina kaya, ya zo kan jakar Dada ya zauna. Jami'in da ke riƙe da shi ya yi mana murmushi irin nasu, wanda ke buɗewa ya rufe kamar ƙofar banki, ya ce mu biyo shi. Suka kwashe kilishin da aka yi wa Kawu musamman, suka juya ƙullin kuka, suka shinshina daddawa, wanda ya shinshina ɗin ya ja da baya ya ce mu tafi da abinmu. Dada ba ta yi jimamin kilishin ba. Abin da ya dame ta shi ne hancin kare ya taɓa jakar da dardumarta ke ciki.

Kawu na hango mu ya taho da gudu, babban mutum da shi, injiniyan gadoji. Ya durƙusa a tsakiyar mutane yana gaishe ta. Dada ta ɗaga kai tana kallon fitilun rufi kamar ita aka aiko ta ƙirga su.

"Ki ce masa ya yi furfura," in ji ta.

Springfield sunan unguwarsu. Gidaje a jere iri ɗaya, kowanne da ciyawa a gabansa an aske ta kamar kan ango, ba akuya ko ɗaya da za ta amfana. Ba ka ganin mutum a waje. Mota ke shiga da su cikin gida ta fito da su. Wanda duk ka gani yana tafiya da ƙafa, to kare ne ya fito da shi shan iska. Matar Kawu, Anti Binta, ma'aikaciyar jinya ce, ranar Lahadi take yin girkin mako guda ta jera a firiji. Ta karɓe mu hannu bibbiyu, ta yi mana tuwon garin shinkafa na kwali. Dada ta ci, ta sa albarka, sannan ta raɗa mini cewa ba ta taɓa zaton za ta ga ranar da za a ci miyar Lahadi ran Alhamis ba. 'Yarsu guda ce, Ummi, shekararta goma, sunan Dada aka sa mata. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, saboda haka hirarta da kakarta ba ta wuce murmushi.

Duk wannan Dada ta jure. Abin da ya gagare ta alwala ce. A gidan Bature ruwa wuri biyu yake, kicin da banɗaki, banɗakin kuma wurin wanka da masai da wurin wanke fuska duk ɗaki ɗaya ne. Matar da ta shekara saba'in tana alwala a tsakar gida, sama a buɗe, yau an ce ta tsaya kusa da masai ta yi. Ta ce bakinta ba zai iya ambaton sunan Allah a wurin ba, alwalar da ba bisimilla kuwa zuciyarta ba ta kwanta da ita ba. Ga gwiwa ba ta barinta ɗaga ƙafa.

Ran kwana na biyar ta gano famfon ban ruwan ciyawa a gaban gida. Da la'asar ta zauna a kan matakala ta buɗe shi, ta yi alwalarta cikakkiya, da kurkurar baki da shaƙa ruwa da fyacewa, ba rowar murya. Maƙwabciyarsu, wata Baturiya mai kirki, ta leƙo ta taga ta ga tsohuwa a sunkuye tana tofar da ruwa tana shafa wa kanta. Da a gida ne fitowa za a yi a ce sannu. A can waya ake ɗauka. Kafin Dada ta gama ƙafar hagu motar asibiti ta iso da jiniya, motar kashe gobara na biye da ita, ban san me ke ci da wuta ba. Ƙarti shida suka kewaye ta. Ɗaya ya miƙo hannu zai taɓa wuyan hannunta.

"Ki ce masa ya tsaya inda yake, da alwalata."

Na yi bayani iya Turancina, suka ba da haƙuri suka tafi. Kawu ya dawo daga aiki ya ji labari, kunya ta kama shi, ya yi kuskuren da ya fi na kowa. Ya dube ni ya ce in lallaɓa Dada ta riƙa yi a ciki. Da Hausa ya faɗa, tana zaune a wurin.

Bayan magariba Dada ta dube ni.

"Ki gaya wa mutumin nan ya gyara mini takardar jirgi. Ranar da za ki tafi, tare za mu tafi."

Wata ukun da ya shekara yana nema ya koma mako uku. Na isar da saƙon duk da ya riga ya ji. Ya ce to. Washegari bai gyara komai ba, sai ya ce in shirya in raka shi wani wuri.

Wani fili ne da aka kewaye da waya, inda ake ajiye manyan motoci, don dokar unguwarsu ta hana ajiye irinsu a ƙofar gida. Nan ya nuna mini abin da Anti Binta ke kira "gidan gonar Injiniya". Mota ce doguwa kamar bas, cikinta ɗaki ne sosai: gado, murhu, teburin cin abinci, da banɗakin da idan ka shiga sai ka fito kafin ka iya juyawa. Turawa idan sun gaji da manyan gidajensu sai su shiga irin wannan su tafi daji su kwana a takure, wai hutu ke nan. Kawu ya saye ta hannun wani tsoho tun bara, da niyyar idan uwarsa ta zo ya zaga da ita ta ga ƙasa.

"Ma'u, fili take nema," ya ce. "Zan kai ta inda ba maƙwabci. Zan fitar mata da famfo ta jikin motar nan, ta waje. Ta zauna a inuwa ta yi alwalarta, sama a buɗe. Idan ta ga haka za ta zauna."

Na so in ce buta da kujera a bayan gida sun isa. Amma na dubi fuskarsa na fasa. Mutumin da ba a yarda ya rungumi uwarsa ba, ai sai a bar shi ya huda mota.

Muka je wani katafaren kanti na kayan gini, wanda Kasuwar Sabon Gari za ta iya kwana a cikinsa. Wani saurayi mai fara'a ya ji bukatarmu, ya kawo kwali, ya ce ai kowa na sa irin wannan yanzu. Ɗan akwati ne na roba da ake mannawa a jikin mota, a cikinsa kan famfo biyu, na zafi da na sanyi, da ɗan tiyo. Sannan ya tambayi Kawu wane irin kare gare shi. Muka duba kwalin. Hoton wata mata ce tana wanke ƙafar wani jibgegen kare da famfon, dukansu biyu suna dariya.

"Na mahaifiyata ne," in ji Kawu.

Saurayin ya ce madalla, ya tambayi wane irin kare gare ta.

A wurin ajiye motoci muka yage kwalin gunduwa-gunduwa muka zuba a shara, muka yi alkawari ba mai faɗa. Dada ba ta karatun boko, shi ya sa na rubuta.

Kawu ya yi niyyar yin aikin shi kaɗai. Anti Binta ce ta kira Alhaji Isiyaka a ɓoye, ta ce ba ta shirya zaman takaba ba. Mutumin Kumasi ne, yana zaune a Takoma Park, gyaran bututu da na'urar ɗumama gida ne sana'arsa. Gajere, mai yawan dariya, Hausarsa irin ta can wadda mace da namiji duk "shi" ne. Ya zo ranar Asabar ya tarar Kawu ya zana taswira shafi uku.

"Ei, Injiniya! Famfo ne za mu sa ko gada? Ajiye takarda, kawo sifana."

Gardama ta farko a kan gefen da za a huda ce. Duk bututun motar ta hagu suka bi, huda ɗaya an gama. Amma ta hagun nan ne kuma bakin da ake zubar da ƙazantar banɗaki yake. Alhaji ya tsuguna ya auna da tafin hannu, taki biyu ne tsakani.

"Mma Hajiya zai zauna nan ya yi alwala, najasa na kallonshi? Kai Injiniya, ka daɗe a ƙasar nan."

Aka koma dama, wajen ƙofa, inda rumfar motar take. Wato sai an ja bututu ta ƙarƙashin gado, ta bayan murhu, a ratsa motar gaba ɗaya. Aikin awa biyu ya zama na kwana huɗu, kullum bayan Kawu ya taso daga ofis. Ni ce mai riƙe tocila da rubuta awo. Littafina mai shuɗin bango, shafinsa na farko yana ɗauke da baiti ɗaya da rabi a kan gajimare, sauran kuwa tsawon bututu ne da adadin mahaɗai. Furannin da na zo dominsu ashe sun zube tun kafin mu sauka. Sau ɗaya muka wuce ta bakin ruwan a mota, Kawu ya nuna mini itatuwan da hannu, korayen itatuwa kamar na ko'ina.

Ranar huda, Kawu ya auna sau biyar, ya yi bisimilla, ya ɗora zarton lantarki a jikin motar. Ya yanka kyakkyawan murabba'i, ya cire, sai ga bayan firiji yana kallonmu. Ya manta da kaurin bango a lissafinsa. Alhaji ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye, yana tambaya wace gada ce Kawu ya gina don ya daina bi ta kanta. Aka toshe wannan da faranti, aka huda wani a gefe. Alhaji ya yanke bututun ruwa ya sa mahaɗi mai baki uku, ya ɗaure, ya shafe gefen akwatin da gam don kada ruwan sama ya shiga. Tsayin kuwa da ni aka gwada: na zauna a kan bokiti na miƙa ƙafa kamar mai ciwon gwiwa, aka sa alama.

Aka ɗauko Dada ta zo ta gani. Ta zaga motar sau ɗaya, ta ce in tambayi mutumin nan ko gidan da yake ciki korarsa za a yi. Kawu ya shiga ya kunna injin da ke tura ruwa daga tanki, ya fito ya buɗe famfon da hannu biyu. Famfon ya yi tari, ya yi kaki, sannan ya feso ruwa ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka.

Ashe mai motar na da ya cika bututun da wani magani da ke hana ruwa daskarewa lokacin sanyi. Dada ta dubi ruwan, ta dube ni.

"Ki tambaye shi, a makarantar allon da na sa shi, ruwan da launinsa ya sauya ana alwala da shi?"

Suka yi awa guda suna zubar da ruwa har ya yi fari. Da ya yi fari, Alhaji ya buɗe kan sanyi ya tara hannu, ya yi tsalle yana salati da wani yare. Sun haɗa na zafi a wurin na sanyi. A wannan karon Kawu ne ya yi dariya. Dada ta riga ta koma cikin ƙaramar mota ta rufe ƙofa. A hanyar gida ta tambaye ni ko an gyara takardar jirgin. Kawu ya ce ana kai.

Saura kwana biyar in tafi aka sa ranar fita. Kawu ya kama wuri a wani gandun daji na gwamnati, tafiyar awa ɗaya da rabi, ya zaɓi can ƙarshe inda ba kowa, don kada wani ya sake kiran motar asibiti. Wuraren da ke kusa da mutane kowanne da famfon da ake jona wa mota. Namu ba shi da komai sai itatuwa. Ruwanmu shi ne abin da ke cikin tanki, wanda bai fi durom ɗaya ba. Kawu ya lissafa ya ce zai ishi mutum biyar kwana biyu.

Abin da bai lissafa ba shi ne bakin Alhaji Isiyaka. Ranar Juma'a a masallaci labari ya zaga cewa Injiniya ya yi motar da ake alwala a jikinta. Ku fahimci abin: mutanen nan shekara da shekaru suna ɗaga ƙafa cikin kwanon wanke hannu a banɗakin ofis, suna addu'a kada Bature ya shigo. Da muka tashi ranar Asabar, mota bakwai ce ta biyo mu. Akwai Dakta Lawal likitan zuciya da iyalinsa, akwai ɗaliban jami'a daga College Park da suka ji ƙanshin abincin kyauta, akwai wani ɗan Damagaram da ya zo da rabin rago. Duk sun ce sun zo gaida Hajiya ne. Kowa ya gaishe ta a gurguje, idonsa na kan famfo.

Wurin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Iska na bi ta cikin ganye da wani sauti kamar ana zazzaga gero a faifai. Na buɗe littafina, aka kira ni in yanka albasa.

Aka shimfiɗa wa Dada tabarma a ƙarƙashin rumfa. Da azahar Kawu ya ce in ce mata ta buɗe famfon da hannunta. Ta ce tana da alwala tun daga gida, a bar baƙi su yi. Baƙi kuwa suka yi. Layi aka ja. Kowa ya zauna a kan bokitin ya buɗe ruwa har ƙarshe, ya wanke hannu, ya juya ya ba na bayansa labarin siyasar gida, ruwa na zuba. Dakta Lawal ya yi, ya ji daɗi, ya sake yi wai sabuntawa. Mata suka ga ruwa a kusa, aka wanke shinkafa, aka wanke nama, aka ɗauraye tukwane. Na ga Kawu yana leƙa ma'aunin tanki yana dawowa, yana murmushin dole.

"Kawu, ka yi magana mana," na raɗa masa.

"In ce me? In hana Musulmi ruwan alwala a gaban uwata?"

Dada tana zaune tana kallo, carbi a hannu. Gaban motar ya zama caɓi, yara na tsalle a ciki, hayaƙin nama na tashi, mata na shewa. Tun da muka zo ƙasar ban ga idonta ya bi mutane haka ba. Sai dai bakinta a tamke yake, duk wanda ya bar ruwa na zuba sai ta bi shi da kallo har ya tashi.

Da la'asar aka sake jan layi. Ummi ce ta ƙarshe. Ta murɗa famfon, ta miƙa ƙafafu biyu a ƙarƙashinsa ta wanke su tas, sannan ta watsa ruwa a fuska, ta shafa kai, ta tuna da hannu ta dawo ta wanke. Ta tashi tana yarfe yatsu, ta yi wa kakarta murmushi.

Sannan Dada ta miƙe. Kawu ya gyara mata bokitin, ya goge shi da hannun rigarsa. Ta zauna, ta naɗe hannun riga, ta yi bisimilla a fili, ta murɗa.

Famfon ya yi tari sau biyu. Ya ɗiga ɗigo uku. Daga cikin mota injin ya kama gurnani, yana jan iska.

Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta faɗi kamar ta Kawu ba. Dakta Lawal ya zaro makullin mota ya ce minti ashirin ya kawo ruwa. Ɗaliban suka ce za su ruga famfon gandun da tukwane. Kawu yana tsaye da hannu a jikin motar, yana kallon ɗigon nan uku a ƙasa.

Dada ta rufe famfon a hankali. Ba shi take kallo ba, idonta na kan Ummi.

"Takwara, zo nan. Wa ya koya miki alwala?"

Ummi ta amsa da Turanci, na fassara: ba kowa, akwai hoto a bangon makarantar Lahadi, takan duba idan ta tuna. Anti Binta ta sunkuyar da kai. Dada ta nuna wata robar ruwan sha da wani ya sha rabi ya ajiye a kan tebur, ta ce a miƙo mata.

"Zauna nan ki gani."

Ta tsiyaya a tafin hannu kaɗan-kaɗan kamar mai auna turare. Hannu, baki, hanci, fuska, damatsa har gwiwar hannu, kai, kunne, ƙafa har tsakanin yatsu, ba abin da ta tsallake. Likitoci da injiniyoyi da masu neman digiri na uku suna tsaye a cikin caɓin da suka yi da durom guda suna kallo. Da ta gama ta ɗaga robar. Da saura. Ta miƙa wa Ummi.

"Yi."

Ummi ta kai hannu wajen ƙafa. Dada ta buge hannun. Ta sake farawa, Dada na kiran sunan kowace gaɓa, yarinyar na maimaitawa da Hausarta mai santsi. Ruwan ya ƙare a ƙafar dama, ɗan Damagaram ya kawo sauran na butar shayi aka ƙarasa.

Bayan an sallame salla Dada ta kira ni, da muryar da kowa zai ji.

"Ki tambayi mutumin nan, takardar jirgin an riga an taɓa ta?"

Kawu ya ce ba a taɓa ba tukuna.

"To ki ce ya bar ta yadda take. Ba don famfonsa ba, famfon da ko la'asar bai kai ba. Ba zan tafi in bar mai sunana tana fara alwala daga ƙafa ba, a je a ce jikata ce."

Na juya in isar da saƙo, ban same shi ba. Ya zaga bayan motar wai zai duba tayoyi. Taya shida gare ta, ya yi kusan rabin awa.

Ba mu kwana a dajin ba, tunda ko na shayi babu. Ran Alhamis Kawu ya kai ni filin jirgi ni kaɗai. Dada ta yi mini sallama daga ƙofa, ta ba ni saƙon mutum goma sha huɗu, ta ce kada in tsaya kallon gajimare jirgi ya tafi ya bar ni. Da muka isa, Kawu ya shiga wurin ajiye motoci. Ya kashe mota, ya zauna yana murza sitiyari.

"Ma'u, da safe me take so? Koko ko shayi?"

Na ce koko, mai tsami, ba sukari, kuma kada a kai mata sai ta gama lazimi.

"Tsaya," ya ce, yana laluba aljihu. "Tsaya in rubuta. Sai me kuma?"

Mun daɗe a cikin motar nan. Ni ce ta ƙarshe da ta shiga jirgi.